Manhajar gidan motsa jiki: ta ina take mayar da kuɗinta?

Duk wanda ya buɗe gidan motsa jiki a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san inda jarinsa ya shige: hayar wuri, na'urorin gudu da kekuna da ƙarafan ɗagawa, janareta, albashin masu horarwa. Waɗannan duk ido yana ganinsu. Shi ya sa ranar da manaja ya zo da maganar a ɗauki manhajar kula da mambobi, wadda za a riƙa biyan kuɗinta duk wata, abin da mai gida kan ce shi ne: "To, ita kuma me za ta kawo mana? Littafin da muke rubutawa me ya yi?" Tambayar tana kan hanya, kuma mai dukiya yana da haƙƙin a ba shi amsa da naira da kwabo. A nan manajoji da yawa ke faɗuwa, domin sai su kama cewa zamani ya canza, kowa ma haka yake yi. Ɗan kasuwa kuwa ba ya fitar da kuɗi don a ce masa ya waye.

Ita manhajar ba wani abin mamaki ba ce. Rajista ce da ke cikin kwamfuta ko waya, mai riƙe sunan kowane mamba, ranar da ya biya, da ranar da kuɗinsa za su ƙare. Idan ya zo sai ya nuna kati ko lambar da ke wayarsa, ko ya dangwala yatsa, ta rubuta cewa wane ya shigo ƙarfe kaza. Tana aika saƙon tuni kafin wa'adi ya cika, tana kuma fitar da lissafin abin da ya shigo a rana da mako da wata. Wasu ana haɗa su da ƙofa, ta ƙi buɗewa ga wanda kuɗinsa suka ƙare.

Wanda ke son ya ga amfanin wannan, ya tsaya a bakin kanta bayan sallar magariba, lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa ke tururuwa. Yaro ɗaya ne a zaune, ga dogon littafi a gabansa, ga na'urar POS, ga waya yana jiran alat. Mutum shida sun shigo tare. Ɗaya ya ɗaga masa hannu ya wuce, tsohon mamba ne, babu mai tuna cewa watansa ya ƙare tun kwana tara. Wani ya nuna hoton rasit a wayarsa ya ce ya tura, alat ne bai shigo ba. Na uku ya miƙa kuɗin yini a hannu, yaron ya cusa a aljihu da niyyar zai rubuta in an lafa. Wani babban mutum kuma, yaron ya san sarai bai sabunta ba, amma ina bakin da zai ce, "Ranka ya daɗe, kuɗinka sun ƙare"? Babu ɓarawo ko ɗaya a cikinsu, amma kuɗi sun zube. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da mutane suka koma tura kuɗi ta OPay da Moniepoint da bankuna, lissafin ya ƙara rikicewa, domin kuɗin wuri ɗaya na shigowa ta hanya uku ko huɗu, littafi kuma ɗaya ne.

Bari mu yi lissafi da misali, kowa ya sa nasa adadin a gurbin nawa. A ce gidan yana da mambobi 200, kowa na biyan naira 15,000 a wata. Idan mutum 12 suka zarce wa'adinsu da kwana goma-goma, an yi asarar naira 60,000. Idan masu biyan kuɗin yini, naira 1,500, mutum biyu kacal ke wucewa ba a rubuta ba kullum, a kwana 26 an rasa naira 78,000. Jimilla naira 138,000. A ɗaya ɓangaren, a ce kuɗin manhaja naira 50,000 ne a wata, data naira 15,000, na'urorin da aka saya naira 360,000 an raba su bisa wata 24 sun zama naira 15,000. Ke nan naira 80,000. Toshe wannan ɓarakar kaɗai ya biya kuɗin, har da saura.

Sai dai a ganina babbar ribar ba a bakin ƙofa take ba. Tana wurin mutumin da ya daina zuwa. Sana'ar gidan motsa jiki kamar ɗibar ruwa ce da bokiti mai huda: ana murnar sababbin shiga, tsofaffi na sulalewa ba sallama. Mutum kan yi rajista da zafinsa, galibi bayan likita ya yi masa maganar hawan jini ko ciwon suga. Makon farko yana zuwa kullum, na uku sau biyu, daga nan shiru. Littafi ba ya nuna wanda bai zo ba, domin wanda ya zo kaɗai ake rubutawa. Manhaja kuwa kowace safiya za ta iya fitar da sunayen waɗanda suka yi kwana goma ba a gan su ba. Aikinta ya ƙare a nan. Sauran na mutum ne: mai horarwa ya ɗauki waya ya kira, "Malam, kwana biyu, lafiya dai ko? Gwiwar ce ta sake tashi?" Mutanenmu suna jin nauyin a neme su, kuma mutum ya fi komawa inda aka lura da rashinsa. A misalin ɗazu, idan cikin masu ficewa aka riƙe mutum huɗu a wata, kowanne ya ƙara wata uku, naira 180,000 ce.

Tun a 1990 Frederick Reichheld da Earl Sasser suka nuna a mujallar Harvard Business Review cewa rage gudun abokan ciniki da kashi 5 cikin 100 na iya ɗaga riba da kashi 25 zuwa 85. Masu tallar manhaja suna son wannan adadi ƙwarai. Amma a bankuna da kamfanonin inshora da garejin gyaran mota da makamantansu aka auna shi, don haka kada manaja ya kai wa mai gida shi a matsayin alkawari. Darasin da ke ciki dai yana nan: riƙe wanda ke hannu ya fi neman sabo araha.

Akwai wani bincike da ya shafi gidajen motsa jiki kai tsaye. A 2006 masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun bi bayanan mambobi 7,752 na gidaje uku a Amurka na tsawon shekara uku. Sun gano masu biyan sama da dala 70 a wata suna zuwa kimanin sau huɗu ne kawai a wata, wato kowane zuwa ya tsaya musu fiye da dala 17, alhali da katin shiga sau goma suka saya, dala 10 za su riƙa biya. Bayan haka, mutum kan yi fiye da wata biyu da daina zuwa kafin ya soke rajistarsa, ana ta cirar kuɗi daga asusunsa. A can wannan ya zama hanyar samun kuɗi, kuma manhajoji da dama an gina su ne a kan cirar kuɗi kai tsaye duk wata. Kamfanoni irin su Paystack sun sa hakan ya yiwu a Najeriya. Ni dai ba na goyon bayan a gina lissafin riba a kan mantuwar mutane. Cin amana ne, kuma a garin da kowa ya san kowa, mutum ɗaya da ya ga an cire masa kuɗin wata biyu bai taka wurin ba ya isa ya ɓata sunan gidan a majalisa da zauren WhatsApp. In za a cire kai tsaye, a sanar da mutum kwana uku kafin ranar, a kuma bar masa hanyar dakatarwa cikin sauƙi.

Amfani na gaba ya danganci wuta. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin lantarki na rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane yunit, bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Gidan da ya san cewa tsakanin sha ɗaya na safe da la'asar mutum uku ke zuwa, zai iya kashe na'urorin sanyaya ɗaki da rabin injina, ko ya mai da lokacin na mata zalla da farashi mai sauƙi. Da azumi kuma, da jama'a ke komawa bayan tarawihi, bayanan bara ne za su nuna yadda za a tsara ma'aikata bana.

Mai gida mai wayo zai tambayi abin da ɗan talla bai faɗa ba. Da wane kuɗi ake biya? Manhajojin waje irin su Mindbody da Glofox ba da naira ake yanka farashinsu ba. Wanda ya ɗauki ta dala 100 a farkon 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a hukumance, ya wayi gari a 2024 yana biyan sama da naira 150,000 kan abu ɗaya. Idan sabis ya ɗauke, ƙofar za ta buɗe ko mutane za su yi cirko-cirko a waje? Ranar da aka raba gari da kamfanin, za a ba ka jerin mambobinka ko sun tafi ke nan? Wa zai koya wa yaron kanta, kuma wa zai koya wa wanda zai gaje shi? Manhajar da ma'aikata suka ƙi amfani da ita asara ce tsagwaronta, kuma sukan ƙi ta idan suka fahimci an kawo ta ne don a kama su.

Sai maganar sirri, wadda ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa zanen yatsa da bayanan lafiya cikin bayanai masu tsananin muhimmanci, kuma hukumar NDPC na da ikon cin tarar wanda ya yi sakaci da su. Gidan da ke ajiye nauyin mace da hotonta da lambar wayarta a kwamfutar da kowane ma'aikaci ke buɗewa yana wasa da wuta. Saƙo ɗaya na banza daga ma'aikaci zuwa ga matar aure ya isa ya kwashe mata duka daga wurin. Kati ko lambar waya sun wadatar a mafi yawan gidaje. In babu larura, a bar yatsun mutane.

Ba kowane gida ne ke bukatar wannan ɗawainiya ba. Mai mambobi 40, idan ya raba lissafin ɗazu gida biyar, zai ga duk abin da zai tsira da shi bai kai naira 65,000 ba, ƙasa da abin da zai kashe. Shi jadawali a kwamfuta da WhatsApp Business sun ishe shi, tunda ya san mutanensa da fuska. Wanda ya haura ɗari, ko yake da reshe biyu, ko ba ya zama a wurin da kansa, shi ne littafi ya fara cuta.

Don haka, manaja, kafin ka tunkari Alhaji da takardar farashi, ɗauki wata guda kana ƙirga abu uku da hannunka: masu shiga bayan wa'adi, kuɗin da bai dace da littafi ba, da waɗanda suka daina zuwa. Ka nemi kamfanin ya ba ku gwajin wata uku kafin a sa hannu kan yarjejeniyar shekara, sannan ka sake ƙirgawa. Idan bambancin bai haura kuɗin manhajar ba, ka gaya wa mai gida gaskiya, a mayar musu da kayansu.