Idan Dare Guda Ya Ɓaci Ga Mai Barci Da Na'urar Numfashi

Mutumin da Allah Ya jarrabe shi da larurar ɗaukewar numfashi cikin barci, idan likita ya ɗora shi bisa na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan na ƙasar Ostireliya ya bayyana wa duniya a 1981, ya kuwa saba da ita har minsharinsa ya yanke, to, ranar da ya wayi gari da ciwon kai da bushewar baki sai hankalinsa ya tashi, ya zaci maganin ya daina aiki. Galibi ba haka al'amarin yake ba.

Abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne takunkumin fuska na na'urar, domin robarsa takan saki saboda tsufa da maiƙon fata, iska ta riƙa sulalewa ta gefen hanci tana hura ido. Ɗaure igiyar takunkumin tamau kuwa sau da yawa ƙara ɓarna yake yi. Sa'an nan ya tuna ko mura ta toshe masa hanci, ko ya sha maganin barci, ko rigingine ya kwana, alhali kwanciyar nan ke sa harshe ya koma baya ya tare hanya. Da hunturu ma ƙura kan cika matatar iska, ruwan da ke jiƙa iskar ya ƙafe tun kafin asuba.

Na'urar tana lissafa tsayawar numfashi a kowace sa'a, ƙasa da 5 ake muradi. Dare guda ba hujja ba ne; amma in adadin ya yi ta hawa kwana da kwanaki, likita za a koma wa, kada mutum ya sauya ƙarfin iskar bisa ra'ayin kansa.