Tasar Kaka Da 'Yar Uwarta Ta Ƙasar Sifen

Yau hirar tamu a kan tasa ce. E, tasar nan dai da ake yi wa amarya jere da ita.

A 2021 da 'yan bindiga suka hana mu barci a Gangara, muka tattara muka koma Sabon Birni. Kowa na ta zannuwa da hatsi, ita ko Kaka ba ta ɗauki komai ba sai wata tsohuwar tasar tagulla da ta gada wajen mahaifiyarta. Da bikin ƙanwata ya taso, ta goge ta da toka har tana walƙiya, ta miƙa mata. Yarinya ta yatsina fuska ta ce, "Haba Kaka, wa ke jera wannan yanzu? Ai sai dangin miji su ce kayan ƙauye muka kawo." Kaka ta yi shiru, ta mai da abarta ƙarƙashin gado. Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba.

Da dare Yaya, wanda ke karatun Larabci a Sakkwato, ya tara mu ya ce, "Kun san Turawa ma suna da tasa?" Muka kwashe da dariya. Ashe gaskiya ce. A ƙasar Sifen, kofin shan shayi sunansa "taza". Daga bakin Larabawa suka ji, Larabawa kuma suka aro daga Farisa, inda ake cewa "tasht". Musulmi sun shiga Andalus a 711, mulkinsu bai ƙare ba sai 1492 da birnin Garnaɗa ya faɗi. Kusan shekara 800 ana zaman tare, ai dole kalmomi su shiga madafa. Ko sukari ma "azúcar" suke ce masa. Mu ma daga Larabcin muka samu tamu. Uwa ɗaya ke nan, ɗaki daban-daban.

Kaka ta ce, "Ni ban san wata Sifen ba, kishiya. Abin da nis sani, cikin wagga tasa anka kai ma kakanku tuwon hwarko."

Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Ranar kai amarya, da hannunta ta ɗora tasar a saman jere.

Don haka 'yan mata, kafin ki raina kayan ɗakin uwarki, zauna ki tambayi labarinsu tun masu labarin na raye. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.