Ledar Awon Jini a Ɗakin Haihuwa

 Yau shirin namu a ɗakin haihuwa zai tsaya, kuma a kan wata leda. Leda ce da ake shimfiɗa wa mace da zarar jariri ya faɗo, ƙasanta an ɗinke shi ya yi tsini kamar mazurari, a jikinta akwai layukan awo. Duk jinin da ya zuba a nan yake taruwa, ungozoma tana ganin adadinsa da lamba. Idan ya kai mililita 500, wato rabin lita, cikin ledar fiyawata guda, to an shiga haɗari, a tashi tsaye. Kafin zuwan wannan leda, ungozoma zanin gado take duba, ta dubi tsumma, ta dubi abin da ya malale a ƙasa, sannan ta ƙiyasta. Shi kuwa ido yana raina jini, ko na ƙwararriya ne.

A 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suka jagoranta a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Ɓangaren Najeriya, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ce ta riƙe shi. A asibitocin da aka ci gaba da ƙiyasi da ido, kusan rabin matan da jini ya ɓalle musu ne kawai aka gano. Rabi, masu sauraro. A inda aka sa ledar, an gano 93 cikin 100. Kuma da an gano, ba a bin magani ɗaya a jira a ga ko zai yi aiki. A lokaci guda ake murza mahaifa, a yi allurar oksitosin, a ba da tiranekzamik asid mai tsayar da jini, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, a kira babban likita in abin ya ƙi. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100.

Abin da nake gani a cikin waɗannan alƙaluma shi ne, mun daɗe muna ɗora wa ungozoma laifin da ba nata ba ne kaɗai. In mace ta rasu a wurin haihuwa, maganar farko a bakin dangi ita ce sakacin ma'aikata. Akwai masu sakaci, akwai masu tsawa ga mai naƙuda, ba a musu. Amma ungozomomin da suka rage zubar jinin nan, ai su ne dai waɗanda ke ɗakin tun da can. Ba a sauya su ba. Abin awo aka ba su, aka ajiye magungunan wuri guda kusa da gado, aka horar da su, aka kuma sakar musu hannu su fara magani ba tare da jiran likitan da wataƙila yana tiyata ba. A Najeriya, ƙasar da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutuwar mata wajen haihuwa a duniya, wannan ne ya kamata masu tsara manufa su sa a gaba.

Wani zai ce, ina amfanin leda a asibiti alhali matanmu a gida suke haihuwa? Maganarsa da nauyi, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma ko mace ɗaya cikin biyar ba ta haihuwa a asibiti. Ga kuma masu ɗaukar jinin bayan haihuwa a matsayin dauɗar da gara ta fita. To amma mata suna ba juna labari a gidan suna. Wadda ta je asibiti aka rubuta wa mijinta takarda ya fita neman allura da tsakar dare, ba za ta tura ƙanwarta ba. Wadda aka ceto cikin minti kaɗan, ita ce za ta tura.

Wani kuma zai kawo batun kuɗi da wuta, tunda oksitosin yana lalacewa in babu firji. Lokaci ya cim mana, amma a taƙaice: akwai kabetosin mai jure zafi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018 don rigakafin zubar jini, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Saura jihohi su sa ledar da magungunan a kasafinsu, su kuma tabbata sun isa ɗakin haihuwa.