Mai garka da malamin gona a Arlit

Garin Arlit yana cikin jihar Agadas, a bakin hamada, yamma da duwatsun Abzin. An kafa shi a 1969 saboda ƙarfen yuraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a 1971. A 1978 kuma COMINAK ya fara nasa aiki a Akokan.

Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai a wannan ƙasa. Ba a noman gero da damina kamar a Maraɗi ko Damagaram. Amma akwai garake a gefen Arlit da Akokan. Ana shuka salati, tumatir, karoti, shu, albasa da masara. Kome da ban ruwa ake yin sa.

A watan Maris na 2021 COMINAK ya rufe. Ma'aikata da yawa suka rasa aiki. Tun daga nan garka ta ƙara daraja, domin tana ci da gida, tana kuma kawo kuɗin cefane.

Mai garka yana da ƙarfi, yana da haƙuri. Amma akwai abubuwan da idonsa ba ya gani. Nan ne yake bukatar malamin gona. Malamin gona ma'aikaci ne da ya yi karatun noma, kamar wanda ake yi a makarantar IPDR ta Kollo. Aikinsa shi ne ya kai ilimi har cikin garka.

Bukata ta farko ita ce awon ruwa. Wasu garake suna shan ruwan da aka riga aka yi amfani da shi a gidaje. Irin wannan ruwa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ga kuma maganar yuraniyom. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa a wurare 5 a yankin Arlit. A 4 daga ciki, yuraniyom ya wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da. Ruwa yana iya zama garau alhali ba shi da kyau. Mai garka yana so a auna ruwansa, a faɗa masa gaskiya.

Ta biyu ita ce gyaran ƙasa. Idan rana ta busar da ruwan fangali, gishiri yakan tsaya a sama, fari fat. Shuka sai ta tsumbure. Malamin gona zai nuna yadda ake haɗa takin gargajiya da kashin awaki da na raƙuma. Zai nuna dasa itatuwa a jere don su tare iska da rairayi.

Ta uku ita ce iri mai kyau. Cibiyar INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana binciken iri a Nijar. Amma irin da ya yi kyau a kudu ba lalle ya jure zafin Arlit ba. Sai a gwada shi a fangali ɗaya tukuna, kowa ya gani da idonsa.

Ta huɗu ita ce yaƙi da ƙwari. Akwai wata ƴar tsutsa mai suna Tuta absoluta. Daga Amurka ta Kudu ta fito. Tana shiga cikin ganyen tumatir, tana huda ƴaƴansa. A 2016 ta yi babbar ɓarna a Kano da Kaduna. Mai garka yana so ya gane ta da wuri. Yana so ya san wane magani zai sa, da awonsa, da kwana nawa zai jira kafin ya tsinki tumatir. Takardar jikin kwalba da Faransanci ko Turanci take. Dole malamin gona ya fassara ta da Hausa ko Tamajak.

Malamin gona nagari ba ya zama a ofis. Yana zagaya garake, yana tambaya, yana saurare. Manoman Timiya da Iferwan sun daɗe suna noman alkama da dabino a Abzin. Shi ma yana da abin koyo a wurinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a noman damina a Arlit?
2. Don me ake auna ruwan garka?
3. Ku ziyarci wani mai garka, ku tambaye shi bukatunsa, ku rubuta su.