Shirin Musamman: Ruma, Garin da Ake Zagayawa da Ƙafa

Yau shirin namu ya nufi yammacin Jihar Katsina, ƙasar Batsari da Safana, inda duwatsu suka yi wa gonaki ƙawanya har bakin dajin Rugu.

A wannan yanki garin Ruma yake. Wanda ya je Ruma ya ƙi sauka daga mota, ya yi asarar tafiyarsa. Gari ne na tarihi, ƙasar mayaƙa, wadda har yau hakimin Batsari ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma saboda ita. A ƙarni na 19, bayan jihadi, wannan yanki ya zama fagen fama tsakanin masarautar Katsina da Katsinawan Maraɗi. Nan ne ƙasar Ɗanwaire, jarumin da ake wa kirari da Gwanki Sha Bara. Sai mutum ya taka duwatsun nan da ƙafarsa, ya haye sama yana haki, ya hangi tazarar da ido ke kaiwa, sannan zai gane dalilin da ya sa magabata suka zaɓi zama a gindinsu: mahayi bai isa ya matso ba a gan shi ba.

Baƙo na gari kuwa ƙofar mai gari yake fara zuwa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ganin gari." A haɗa shi da ɗan rakiya. A fita da sassafe, tun dutse bai ɗau zafi ba. In an sauko, ga dafaffen rogon Batsari, mai gari kamar auduga, a barbaɗa masa ƙuli-ƙuli da yaji.

To amma fa, masu sauraro, ba za mu ɓoye muku ba. 'Yan bindiga sun ɗaiɗaita ƙauyuka da dama a Batsari da Safana, an kashe, an sace, manoma sun bar gonakinsu. Duk mai niyyar zuwa ya fara tuntuɓar mutanen wurin, kada kuma ya yarda dare ya yi masa a hanya.

Kiranmu ga gwamnatin jiha da masarautar Katsina shi ne: a tsare hanyoyin nan, a rubuta tarihin Ruma daga bakin dattawanta tun suna raye, a kuma riƙa kai ɗalibai su gani da idonsu. Allah ya ba mu zaman lafiya. A huta lafiya.