Wuƙar Baba

Bayan an raba gado, Inna ta zube wuƙaƙen Baba bakwai a tabarma, ta ce kowa ya zaɓi ɗaya. Caraf Yaya ya ɗauke ta Buzaye mai jan kube. Ni kuwa, 'yar'uwa, idona na kan tsohuwar Okapi, mai naɗewar nan da sai an ja zobe take rufuwa. Ƙirar Jamus ce, tun kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Bakinta duk ya cinye saboda washi.

Yaya ya ce, "Haba ƙanwata, wannan tsohon ƙarfen?"

Na yi shiru. Da ita Baba yake fere mini rake in na dawo daga makaranta. Har yau ban yarda kowa ya wasa ta ba.