Bindigar Kaka A Cikin Kayan Gado: Dukiya Ce Ko Jidali?

A wani gida da ke Nasarawa Gwom, cikin garin Jos, an yi rabon gadon wani dattijo, aka raba gida da keken ɗinki da 'yan tumaki ba wanda ya ɗaga murya. Abu ɗaya ne ya gagara, wato wata doguwar bindiga da aka tarar naɗe cikin tsohon bargo a saman rufi. Ta mahaifin mamacin ce, maharbi ne da ya zo Jos a zamanin haƙar kuza, yana sayar wa leburori naman daji. Babban ɗa ya ce a jefa ta rijiya da dare kowa ya huta. Ƙanensa ya ce ya ji Turawa suna sayen irinta da kuɗi masu yawa. Ita kuwa 'yar'uwarsu ta ƙi duka biyun, don ba abin da ya rage na kakansu sai ita. Malamin da ya zo rabo ya nemi a faɗa masa kimarta don ya sa ta cikin lissafi, aka rasa mai amsawa.

Wanda ya san Jos ba zai ga laifin babban ɗan ba. Garin ya ga tashin hankali a Satumba 2001 da Nuwamba 2008, na Janairu 2010 kuwa daga wannan yankin ne ma ya faro. A unguwar da ta sha bincike gida-gida, jami'in da ya ɗaga bargo ya ga bakin bindiga ba zai tsaya tambayar shekarunta ba. Amma rijiya ba ta warware komai, sai dai ta ɓata ruwa ta kuma hallaka abin tarihi.

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda aka haramta wa jama'a. Akwai na farauta masu cin harsashi, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai kuma waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin su adaka, su kuma al'amarinsu yana wurin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga doka, kuma lasisi na mai shi ne, ba a gadonsa kamar yadda ake gadon gona. Saboda haka matakin farko shi ne magada su sanar da hukuma, gwamma ta hannun mai unguwa ko lauya. Kada wani ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi caji ofis.

Kafin wannan ma akwai abin da ya fi gaggawa. Maharban dā sukan rataye bindiga da ɗurinta, shi kuwa albarushi idan bai sha ruwa ba yakan shekara ɗari da ransa. A ɗauka tana da ciki sai an tabbatar ba ta da shi. Masana sukan zura siririyar sanda ta baki har ta tsaya, su yi mata alama, sa'an nan su gwada ta a jikin bututun daga waje. In ba ta kai gindinsa ba, to, akwai abu a ciki. Daga nan aiki ya zama na ma'aikacin makamai na 'yan sanda. Kada a ja kunama don gwaji, kada kuma a kai ta kusa da wuta.

To, yanzu sai maganar kima, wadda a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Sunan da Turawan Ingila suke kiran adaka da shi ya samo asali ne daga mutanen Danmak, waɗanda suka yi ciniki a gaɓar Ankara har suka sayar wa Ingila da ganuwoyinsu a 1850. Amma yawancin bindigogin da suka shigo Afirka ta Yamma a ƙarni na 19 an ƙera su ne a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Baljiyam. A 1890 kuma manyan ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasal, suka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar masu ƙanƙara da albarushi. Sakamakon haka masana'antu suka ci gaba da ƙera tsohon yayi domin kasuwarmu kaɗai, shekaru da yawa bayan Turai ta daina amfani da shi. Ashe ke nan bindiga mai ƙanƙara, wadda ido zai ba ta shekara ɗari biyu, tana iya zama ba ta girmi layin dogon da ya iso Jos daga Zariya a 1914 ba.

Abin da ke faɗin gaskiya shi ne hatimin da aka buga a gindin bututu bayan an gwada ƙarfinsa. Na Liyej haruffa ne uku, ELG, cikin da'ira mai siffar ƙwai, in kuwa da kambi a samanta, to, daga 1893 ne zuwa gaba. Gidan gwajin bindigogi na Bamingam an kafa shi a 1813, hatiminsa na dā sanduna biyu ne gicciye da kambi, aka sake shi a 1904. Sau da yawa akan ga kalmar TOWER a jikin ƙarfen kunama, mai bindiga ya yi ta murna wai ta sojan Sarauniya ce. A yi hattara, gama 'yan kasuwa sun yi ta buga wannan kalma a kan bindigogi masu araha don su ja hankalin mai saye. Wadda ba ta da hatimi ko ɗaya kuwa galibi aikin maƙeranmu ne, waɗanda a zamanin mota suka riƙa yin bututu da ƙarfen sitiyari ko da famfon ruwa.

Gaskiyar da ƙanen nan ba zai so ji ba ita ce, irin waɗannan bindigogi an ƙera su dubbai, kuma ba su da tsada a kasuwar masu tara kayan dā, sai fa wadda aka san hannun da ta fito, kamar ta 'yan bindigar wani sarki ko wadda ta halarci wani yaƙi sananne. Har ila yau dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana sayar da abin da ta lissafa cikin kayan tarihi sai ga wakilin da hukuma ta amince da shi, ta kuma hana fitar da shi waje ba da izni ba. Dillalin da ya zo da dare yana rangwaɗa farashi, jidali ya kawo. A ganina darajar irin wannan bindiga tana cikin abin da ke jikinta ne: fatar da aka naɗe ƙotarta da ita, layun da maharbi ya ɗaura, wayar tagullar da maƙeri ya ɗaure tsaguwa da ita. Duk wanda ya cire waɗannan don ta yi kyau, ya zubar da rabin labarinta.

Game da adana ta, babbar ɓarna daga masu son gyara take zuwa. Samfefa da fenti da wankin ƙarfe har ya yi ƙyalli suna shafe hatimi, ba kuwa ya dawowa. Duhun da ƙarfe ya yi don tsufa ba tsatsa ba ne, a bar shi. Jar tsatsa mai gari ita ce abar tsoro, a shafa mata man keken ɗinki kaɗan a goge da tsumma mai laushi. Manja da man gyaɗa ba su dace ba, don sukan daskare su yi tsami. Itacen kuma kakin zuma ya ishe shi. Jos tana kan tudu mai tsawon fiye da mita 1,200, damina tana daɗewa da laima, hunturu kuma yana busar da itace har ya tsage, saboda haka saman rufin kwano, inda rana ke gasawa dare ya kawo raɓa, shi ne wuri mafi muni. Bargo da leda suna riƙe danshi. A kulle ta a wuri busasshe, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da yara, a duba ta farkon damina da ƙarshenta. Harbi da ita kuwa a manta da shi ɗungum, musamman da garin harsashin zamani, wanda ƙarfinsa kan fasa tsohon bututu a hannun mai harbin.

Magadan Nasarawa Gwom dai sun bi ta hannun mai unguwa, aka zo aka duba, aka kuwa sami ɗuri a cikinta. Da aka goge gindin bututun sai ga ELG da kambi. Malam ya yi mata kima kaɗan ya sa a rabon 'yar'uwar, ita kuma ta zauna da wata gwaggonsu mai shekaru, ta rubuta sunan kakan, da garin da ya fito, da dazuzzukan da ya yi farauta. Da wannan takarda da hoton bindigar ta tafi Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, don ta ji ko za su karɓa.